Kuɗin Tsufan da Ke Bin Mutum Gida, da Wanda Ke Tsayawa a Bakin Iyaka

Ina gaida mutanen Adjengré da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Sotouboua, da na Sokodé tun daga Zongo har Didaouré, da 'yan'uwanmu na can arewa, Dapaong da Cinkassé. Direbobin da ke kan babban titin Lomé zuwa iyakar Burkina, Allah ya sauke ku lafiya. Wanda kuma yake jin mu ta wayar salula daga Hamburg ko Paris ko Libreville, ya matso kusa, domin rabin maganar yau tasa ce.

Zancen fansho za mu yi, fanshon mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a wata ƙasa, yanzu kuma yake so ya tsufa a gida.

A Sokodé da wuya ka shiga unguwa ba a nuna maka gidan ɗan Jamus ba. Bene ne, an shafe shi da fenti, tagoginsa a rufe, ƙanen mai gidan ne ke riƙe da makulli. Da yawa daga masu irin waɗannan gidaje sun fita ne a farkon shekarun 1990, lokacin da siyasar ƙasar nan ta rikice, suna samari. Yau furfura ta cika musu kai, gwiwa ta fara ciwo, sanyin Turai kuma ba ya tausayin tsoho. Ga waɗanda suka tafi Faransa da Italiya, ga na Gabon da Kwaddebuwa, ga na Gana da Nijeriya da ba ma ƙirga su a matafiya saboda kusa ne. Tambayarsu ɗaya ce: idan na tattara na dawo, kuɗina zai biyo ni?

Amsar ta dogara da irin kuɗin da ake magana a kai, domin iri biyu ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe.

Na farko shi ne wanda ka zuba da guminka. Kowane wata ana yankar wani abu daga albashinka, mai aikin ma yana ƙara nasa, ana kaiwa asusun gwamnati da sunanka da lambarka. Wannan kusan kamar adashi ne: wanda ya yi zubi yana da kwasa, ko da ya tashi daga unguwar. Faransa da Jamus da Italiya duk suna biyan irin wannan fansho ga wanda ke zaune a Togo. Na biyu kuwa taimako ne da ƙasa ke bai wa tsohon da ke zaune a cikinta wanda abin hannunsa bai isa ba. Ba zubinka ba ne, daga harajin jama'arsu ake ɗiba, don haka sharaɗinsa zama a ƙasar. Ranar da ka tare a gida, ranar ya yanke.

Matsalar ita ce duka biyun a asusun banki ɗaya suke faɗowa, sai tsoho ya ɗauka duk fanshonsa ne. Yana ganin Yuro 900 a wata, bai san cewa wataƙila 350 ne kawai nasa na zubi ba, sauran ciko ne. Ya sayar da kayan ɗaki, ya yi sallama da abokai, ya sauka Lomé, bayan wata biyu ya ga kuɗi ya ragu da fiye da rabi. Alhaji, tun kafin ka sayi tikiti, ka ɗauki takardar da ke nuna yadda aka lissafa kuɗinka, ka sa wanda ya iya harshen ya karanta maka layi-layi, ya ware maka wannan daga wancan.

Ga yadda dokokin suke. A Faransa, cikon da ake kira ASPA, wanda ake bayarwa daga shekara 65, yana buƙatar mutum ya zauna a ƙasar wata 9 a cikin shekara. Da wata 6 ne, aka ƙara daga watan Satumba na 2023. A Jamus, taimakon tsofaffi marasa ƙarfi yana tsayawa idan mutum ya wuce mako 4 a jere a wajen ƙasar. Mako huɗu fa, ko zaman makoki da rabon gado ba su ƙare ba. A Amurka irin wannan taimako yana tsayawa bayan kwana 30. Italiya ma nata ba ya ƙetare iyaka.

Wannan doka ta daɗe tana ɗaure tsofaffi a inda ba sa so. Ku tuna da tsofaffin sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi a Indochina da Aljeriya. Saboda kada su rasa wannan ciko, dole suka riƙa kwashe rabin kowace shekara a 'yan ƙananan ɗakuna a gefen Paris, nesa da matansu da jikokinsu. Sai a watan Janairu na 2023 gwamnatin Faransa ta ɗage musu sharaɗin, a watan Afrilu na shekarar kuma tara daga cikinsu suka sauka Dakar, wasunsu sun haura shekara 90. Su sojoji ne, duniya ta san da su, aka yi ta magana har aka ji. Leburan da ya share tituna ko ya ɗauki kaya a tashar jirgin ruwa, shi har yanzu dokar tana kansa. Abin yana ci mini rai, amma sanin dokar ya fi mu amfani a yau fiye da fushi da ita.

Yanzu mu dawo gida mu ga namu tsarin, domin akwai masu tafiya ta ɗaya hanyar: sun yi aiki a nan Togo, suna so su koma Kano ko Maradi ko Kumasi wurin dangi.

Asusu biyu ne manya a ƙasar nan. Ma'aikatan gwamnati da sojoji suna ƙarƙashin CRT. Ma'aikatan kamfanoni da sauran masu ɗaukar albashi kuwa suna ƙarƙashin CNSS, wadda ke aiki da dokar 21 ga Fabrairu 2011. A CNSS, kashi 4 cikin 100 ake yanka daga albashin ma'aikaci don fansho, mai aikin ya ƙara kashi 12 da rabi. Kafin a ba ka fanshon tsufa, sai ka kai shekara 60, ka cika wata 180 na zubi, wato shekara 15, kuma ka ajiye aikin albashi. Ana duba matsakaicin albashinka na shekara 5 na ƙarshe, a ba ka kashi 20 cikin 100 nasa. Kowace shekara da ka ƙara a kan 15 ɗin nan tana ƙara maka kashi 1.33.

Mu buga lissafi tare. A ce direban wani kamfani ne, albashinsa jaka 200 a wata. Idan shekara 15 cif ya yi, fanshonsa jaka 40 ne. Idan ya yi shekara 30, ya kusa jaka 80. Doka ta kuma sa ƙasa da sama: fansho ba ya gaza kashi 60 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma sefa 52,500 tun farkon 2023, ba ya kuma wuce kashi 80 na matsakaicin albashin mutum. Wanda bai cika wata 180 ba, amma ya yi aƙalla wata 12, ba fanshon wata-wata zai samu ba. Kuɗi ne dunƙule sau ɗaya, shi ke nan.

Ku lura da wannan da kyau. Mutumin da ya yi shekara 14 ya ajiye aiki ya tafi ci-rani, shekara ɗaya tak ta raba shi da kuɗin da za a riƙa ba shi har ƙarshen ransa. Akwai hanyar ci gaba da zubi da kanka bayan ka bar aiki, amma tana da wa'adi, don haka a tambaya kafin a tafi, ba bayan an dawo ba. CNSS tana da ofishi a Sokodé, tana da shi a Kara da Dapaong. Daga Adjengré zuwa Sokodé tafiyar safiya ce, ka je ka dawo ka ci tuwon rana a gida.

Shi kuma biyan fanshon Togo ga wanda ya koma zama a waje, doka ta rataya shi a kan yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Saboda haka, Baba, kada ka kwashe iyali zuwa wata ƙasa kana cewa ai kuɗin zai same ni. Ka je ofis ka faɗa musu sunan ƙasar, su gaya maka yadda za a yi, kuma ka nemi a rubuta maka.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, muna tare har yanzu, muna zancen fanshon wanda ya yi aiki a wata ƙasa.

Akwai wani alheri da mutane da yawa ba su san da shi ba, shi ne haɗa shekaru. Togo da Faransa sun sa hannu a kan yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikata ranar 7 ga Disamba 1971, ta fara aiki a 1973, kuma tana nan har gobe. Mu ɗauki mutumin da ya yi shekara 9 yana aiki a Lomé, sannan ya yi 8 a Faransa. Idan Togo ta dubi nata kaɗai, bai kai 15 ba. Amma da yarjejeniyar, ana haɗa 9 da 8 su zama 17, ƙofa ta buɗe, sannan kowace ƙasa ta biya daidai rabon shekarun da aka yi a cikinta. Ba a ninka wa kowa, ba a kuma zubar masa da guminsa. Wanda yake zaune a Togo, ta hannun CNSS yake shigar da buƙatarsa ta fanshon Faransa, ita ce ke miƙawa can. Kada kuma wanda ya yi aikin kamfani a Faransa ya manta da fansho na biyu da ake kira Agirc-Arrco. Shi ma haƙƙinsa ne, kuma ya tabbata buƙatarsa ta haɗa da shi.

A tsakanin ƙasashenmu ma an yi irin wannan tanadi. Ƙungiyar CIPRES, wadda ta haɗa asusun ma'aikata na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, an kafa ta a 1993, kuma hedikwatarta a nan Lomé take. A 2006 aka sa hannu a Dakar a kan yarjejeniyar da za ta sa a riƙa haɗa wa ma'aikaci shekarunsa tsakanin ƙasashen ƙungiyar. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ita ma ta amince da tata a 2013. Sai dai sa hannu daban, aiki da shi daban. Ba duk ƙasashen ne suka tabbatar da yarjejeniyar a majalisunsu ba, kuma takarda tana iya daɗewa tsakanin ofis da ofis. Ga shi Burkina da Mali da Nijar sun fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025. Mutanen Dapaong da Cinkassé da suka yi aiki a Wagadugu ko Yamai, kada ku jira sai kun kai 60. Ku nemi takardar da ke nuna watannin zubinku tun yanzu, ku ajiye a hannu.

Na Gana, asusunsu SSNIT shi ma wata 180 yake nema da shekara 60, kuma baƙon da zai bar ƙasar gaba ɗaya yana iya neman a ba shi nasa dunƙule. A Nijeriya, dokar 2014 ta sa kowane ma'aikaci yana da asusu na kansa, yana zuba kashi 8, mai aikin yana zuba 10, kuma kuɗin yana nan da sunansa ko ya bar ƙasar. Masu aiki a Saudiyya kuwa su sani baƙo ba ya cikin fanshon tsufa na can, kuɗin sallama na ƙarshen aiki kaɗai ne nasa. Wanda ya yi aiki a Italiya, idan daga 1996 ya fara zubi kuma ya dawo gida, yana iya neman fansho in ya kai 67 ko da bai cika shekara 20 da ake nema a wurin mazauna can ba. Akwai masu wannan haƙƙi a garuruwanmu da ba su taɓa nema ba, don sun ɗauka shekarunsu sun yi kaɗan.

Bari in ɗan daɗe a kan Jamus, tunda can ne 'ya'yan Sokodé suka fi yawa a bakin mutane.

A Jamus shekara 5 na zubi sun isa mutum ya sami haƙƙin fansho. Wanda aka haifa daga 1964 zuwa sama, sai ya kai 67. Wato saurayin da ya fita a 1993 yana da shekara 28, sai 2032 zai kai. Kuɗin ana turo shi har Togo. Kuma ku tuna Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, ba ya hawa ba ya sauka, domin an ɗaure kuɗinmu da shi. Yuro 400 a Hamburg ko kuɗin haya bai biya ba. A Adjengré ya haura jaka 260 kowane wata, ya ciyar da gida, ya sayi taki, ya biya wa jikoki makaranta.

To ga tarko na farko. Dokar Jamus ta yarda ɗan Togo da ya dawo gida, bayan wata 24 da barin aiki, ya nemi a mayar masa da kuɗin zubinsa. Da jin haka sai ido ya buɗe: miliyoyi a dunƙule, a ƙarasa bene, a sayi mota a sa a hanya. Amma abin da za a mayar maka rabinka ne kawai. Zubin fansho a can kashi 18.6 ne na albashi, rabi naka rabi na mai aikin, kuma rabin mai aikin ba ya fitowa. Da ka karɓa kuma an rufe littafinka: babu fansho a 67, babu abin da matarka za ta samu in ka riga ta. Ga wanda shekara 2 ko 3 kawai ya yi kuma ba zai koma ba, karɓar tana da ma'ana. Amma wanda ya yi shekara 15 ko 20, wallahi ina roƙonsa ya zauna ya yi lissafi da alƙalami kafin ya sa hannu. Mota tana tsufa cikin shekara biyar a kan hanyoyinmu, fansho kuwa yana zuwa muddin kana numfashi.

Abu na biyu, shekarun haihuwa. Mun san yadda aka yi a wancan zamani. Wani ya rage shekara biyar don ya shiga a matsayin yaro, wani ma takardarsa ta gida cewa ta yi an haife shi wajejen shekara kaza, ba rana ba wata. A dokar Jamus, ranar haihuwar da ka fara faɗa wa asusun ita ce ke ɗaure ka. Ba a canza ta sai in ka kawo takarda ta asali da aka rubuta tun kafin ranar da ka faɗa. Takardar kotu da aka yi maka bara ba za ta yi aiki ba. Wanda ya rage biyar, zai yi aikin shekara biyar a kan tsufansa. Wanda kuma ya yi aiki da takardun wani, zubin yana can da sunan mai takardun. Ina faɗar wannan ne saboda samarin da ke shirin fita yanzu su ji.

Na uku, izinin zama. Takardar zama ta dindindin a Jamus tana mutuwa idan mutum ya wuce wata 6 a waje, sai dai wanda ya yi shekara 15 a ƙasar bisa ƙa'ida kuma yana da abin riƙe kansa, shi doka ta sassauta masa. A je ofishin baƙi a karɓi shaidar haka a rubuce kafin a taso.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi hana tsofaffinmu barci, lafiya. Inshorar asibiti ta Jamus ba ta biyan magani a Togo. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya saba karɓar magani kusan kyauta, a nan daga aljihunsa zai saya, wata bayan wata. Muna da manyan asibitoci a Sokodé da Kara da Dapaong, kuma inshorar lafiya ta kowa da kowa ta fara aiki a ƙasar nan tun 2024, amma kada ka ɗauka dawowarka kaɗai ta sa ka a ciki. Ka tambaya, ka san matsayinka, ka ware kuɗin magani a cikin lissafinka tun daga farko.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Yanzu sai takardu.

Kun san akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado a ɗakin kowane tsoho. Ka buɗe shi, warin kafur ya buge ka, ga babbar riga ta sallah, ga hoton aikin hajji, can ƙasa kuma ga wata leda da aka ɗaure da roba. A cikinta ne takardun albashi suke, sun yi ja, damina ta sa sun manne da juna, gara ta cinye gefe ɗaya, kuma sau da yawa gefen da lambar take shi ta ci. Wannan leda ta fi rigar daraja. A fito da ita yau, a shanya a inuwa, a raba takardun a hankali, yaro ya ɗauki hoton kowace ɗaya da waya, a kai shago a yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a wani gida daban. Iyayenmu da aka kora daga Gana a 1969, da waɗanda aka koro daga Nijeriya a 1983, da yawa sun taho da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Wanda ya bar takardunsa a can, da me zai nuna ya taɓa aiki?

Abin da za a adana: lambar asusu da katinta, takardun albashi, takardar shaidar aiki daga kowane wurin da aka yi aiki, takardar haihuwa, takardar aure, da takardun haihuwar yara. A kuma duba rubutun suna. Mutum ɗaya, a nan an rubuta Issifou, a Gana Yussif, a fasfo Youssouf. Mu mun san shi ne, kwamfuta ba ta sani ba. Gyaran harafi ɗaya yana iya cin watanni, gara a fara shi tun mutum yana da ƙafar zirga-zirga.

Fansho kuma ba ya zuwa da kansa. Babu ƙasar da za ta aiko a nemo ka a Adjengré don ka kai shekara. Kai ne za ka nema, kuma ka fara watanni kafin lokacin. A Faransa ba a biyan watannin da suka wuce kafin ka shigar da buƙata. A Jamus, in ka wuce wata 3 da cika sharaɗi ba ka nema ba, daga watan da ka nema za a fara ƙirga maka. Neman kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka ba shi jaka 50 ya san wani a ciki, ko ya ce ka turo lambar sirrin bankinka ta waya, ɓarawo ne, ka kashe wayar.

Bayan kuɗi ya fara shigowa, saura takardar shaidar rai. Kowace shekara asusun Faransa da na Jamus da na Italiya suna so su tabbatar kana raye. Takarda ce ake aikowa, ka kai kanka gaban hukuma, kamar ofishin magajin gari, da katin shaidarka, a buga hatimi, ka mayar kafin wa'adi. In ba ta koma ba, kuɗi ya tsaya, tayar da shi kuma wahala ce. CNSS ma tana yin nata binciken. A garuruwanmu da wasiƙa ba ta zuwa ƙofar gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ba su adireshin da ake dubawa da gaske, akwatin gidan waya mai rai ko adireshin intanet na ɗa mai hankali, a kuma rubuta watan da takardar ke zuwa a jikin bango. In watan ya wuce ba ta iso ba, kada a zauna jira, a neme su.

Iyayenmu mata, wannan ɓangaren naku ne, ku ajiye muciya ku saurara. Idan mai fansho ya rasu, matarsa tana da haƙƙi. A CNSS rabin fanshon mijin ne, in matan sun fi ɗaya a raba musu, marayu ma suna da nasu kason. Amma ofis takardar aure ta magajin gari yake tambaya. An ɗaura aure a masallaci, an raba goro, duk gari ya shaida, shekara 40 kuna tare, wannan aure ne a wurin Allah da wurin jama'a. Sai dai ma'aikacin da ke zaune a Lomé ko Berlin bai halarci ɗaurin auren ba, takarda yake gani. Malam, in kana ƙaunar matar nan, ka kai ta a rubuta aurenku tun kana raye, kada ka bari sai ciwo ya kwantar da kai, domin auren da aka rubuta dab da rasuwa yana iya zama abin jayayya. A Jamus, alal misali, ana so auren ya kai shekara ɗaya. Ka kuma gaya mata sunan asusun, ka nuna mata inda lambar take. Ɓoye wa mace irin wannan abu ba dattaku ba ne, jefa ta cikin wahala ne a ranar da ba ka nan.

Ku kuma 'ya'ya, in tsoho ya cika, a sanar da asusun da wuri, a aika da takardar rasuwa. Ci gaba da cirar kuɗin mamaci haram ne, laifi ne kuma a gaban doka. Ranar da aka gano za a nemi a mayar da duk abin da aka ci, kuma haƙƙin mahaifiyarku na halal shi zai maƙale saboda wannan.

Na san akwai mai saurarena a gonar doya a bayan Adjengré, ko mai tireda a kasuwar Dapaong, ko ɗan zemijan a Sokodé, yana cewa wannan zancen masu albashi ne, ni ko lamba ba ni da ita. Gaskiyarka, kuma ku ne mafi yawa. Amma dokar 2011 ta ambaci masu sana'ar kansu a cikin waɗanda CNSS za ta iya ɗauka, don haka shiga ofis a yi tambaya ba asara ba ce. Wanda kuma yake aikin albashi, a gida ko a waje, ya je da kansa ya duba ko ana kai zubinsa. Yanka a takardar albashi ba shi ne shaidar an kai ba. Ana samun mai aikin da zai yanka ya riƙe, ma'aikaci bai sani ba sai ranar da ya je neman fansho aka ce shekara shida babu komai a littafinsa. In ka gano yau, mai aikin yana nan, ana iya bin sa. In ka gano bayan shekara ashirin, wataƙila kamfanin ma ya rufe.

Wanda yake da ɗan'uwa a waje, ya kira shi a daren nan ya tambaye shi abu uku: wata nawa ka zuba, nawa ne naka na zubi a cikin abin da kake karɓa, kuma sunan wa ke kan takardar aurenka.

Lokacinmu ya cika. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, amma kada kowa ya turo lambar asusunsa ko ta banki, a faɗi ƙasar da shekarun aiki kawai. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya dawo da matafiyanmu cikin aminci.